Soyayyar kaza mai garin burodi da haɗin salak: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da na kai wannan suyar gidan sunan ƙanwar maigidana a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi nake shan tambaya, wata a gidan biki, wata a Islamiyya, wata ma a waya tana tsaye gaban kasko mai yana tafasa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa, shi yasa na tattaro su wuri guda na amsa daidai yadda nake yi a kicin ɗina.

Wai wace irin suya ce wannan, meye bambancinta da suyar kazar da muka saba?

Wadda muka saba ai tafasa kaza ake da ƙashinta da albasa da kayan ƙamshi, sannan a tsame a soya. Wannan kuwa ba a tafasawa sam. Tsoka ce zalla ba ƙashi, a yanka ta fale-fale, a bubbuge ta tayi faɗi, a sa mata riga hawa uku wato fulawa da ƙwai da garin busasshen burodi, sai a jefa a mai ɗanyarta. Cikin minti shida zuwa takwas ta nuna, waje yayi rumus ciki kuma laushi da ɗanɗanon naman bai tafi cikin ruwan tafashe ba.

Ba mu muka fara ta ba. A Biyana babban birnin Ostiriya shinizal suke ce mata, kuma tasu ta asali da naman maraƙi ake yi, a ajiye yankin lemon tsami da haɗin dankali a gefe. Mutanen Milan a Italiya suna da tasu, a Japan kuma katsu ake kiranta, su da kabeji yankan siriri suke ci. Kin ga duk inda taje da abu mai tsami ko ɗanyen ganye ake raka ta, kuma akwai dalili, zan zo kansa a tambayar salak.

Wace kaza zan saya, ta Hausa zata yi?

Gaskiya kazar Hausa bata dace da wannan ba, duk da ta fi daɗi a farfesu da miya. Ƙirjinta ba tsoka sosai kuma namanta yana son wuta mai tsawo, minti shida bazai mata komai ba, haka ma tsofaffin kajin gidan gona masu ƙwai. Burola zaki nema, wadda ake fitarwa tana sati shida zuwa takwas, ita ce mai tsokar ƙirji tuli ga laushi.

In kinje wajen mai kaza ki faɗa masa tun kafin ya ɗaga wuƙa, kice malam dan Allah ƙirjin kar a daddatsa, a cire min shi ɗungurungum. In kika yi shiru hannunsu ya saba, kafin ki ankara ya sare ta gida takwas. Ƙirjin babbar burola ɗaya yana bada fale huɗu manya, ko shida in na yara ne. Tsokar cinya ma tana yi in kin iya zare ƙashin, ta ma fi maiƙo kuma bata saurin bushewa a wuta. Sauran jikin kazar da ƙashin ƙirjin sai su tafi tukunyar miya, ba abinda za a yar.

Yaya ake yankan, kuma dole ne sai an bubbuga?

Dole ne, kuma ni a wurina nan ne rabin aikin yake. Tsokar ƙirji gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri, in kika soya ta haka bakin siririn zai bushe ya zama kamar kilishi kafin mai kaurin ya nuna. Ki kwantar da tsokar a katako, ki danne ta da tafin hannu, ki ratsa wuƙa mai kaifi a kwance ta tsakiya ta rabu biyu. In tana miki santsi ki sa ta a firiza kamar minti ashirin ta ɗan ƙanƙare, zata yanku lafiya.

Sai ki sa kowane fale cikin farar leda ki bubbuga da katakon murza fulawa ko gindin kwalba ko ƴar taɓaryar daka citta, daga tsakiya kina yin waje, a hankali ba dukan sakwara ba dan kar ta yage. Abinda ake nema ko'ina ya zama kauri ɗaya, rabin santimita zuwa santimita ɗaya, wato kada ya wuce kaurin ƙaramin yatsanki. Ledar tana hana ruwan naman fallatsa a bango da kwanuka, ki duba tambayar tsafta a ƙasa ki ga amfanin hakan.

Wane kayan ƙamshi ake sawa, kuma a ina, a naman ko a garin?

A naman. Gishiri, magi, dakakkiyar tafarnuwa da citta, masoro, kori da tayim kaɗan, sai garin barkono daidai bakin mutanen gidanki. In kika zuba su cikin garin burodi sune zasu fara taɓa mai, tafarnuwa da barkono kuma basa jure zafi, sai su ƙone su bar ɗaci. Ɗan gishiri a cikin fulawa da ƙwan ba laifi.

Abinda nake so ƙwarai shine jiƙa naman a kindirmo marar suga, kamar ludayi ɗaya ga ƙirjin kaza guda, a cakuɗa da kayan ƙamshin a rufe a sa a firij daga rabin awa har zuwa kwana. Tsamin nonon yana tausasa nama a hankali ba tare da ya lalata shi ba. Lemon tsami ya fi shi ƙarfi, in shi zaki sa kada ya wuce rabin awa, in ya daɗe saman naman fari yake yi ya tauri. Masu tambayar yajin ƙuli kuma, ku bari sai an tsame daga mai da zafinta a barbaɗa, wallahi a nan yake fito da ƙamshinsa, a cikin kasko kuwa ƙonewa kawai zai yi.

Garin burodin fa, sai na je babban kanti?

A'a. Akwai na leda a manyan kantuna, har da wani na Japan da ake kira panko mai manyan ɓarɓashi, amma ragowar burodin karin kumallo ya ishe ki. Ki yayyanka shi ki baza a tire ki rufe da abin tankaɗe ko siririn ƙyalle saboda ƙuda da ƙura. Lokacin hunturu a Bauchi in kika shanya da safe kafin la'asar ya bushe ƙamas, da damina kuwa kar ki gwada shanya, funfuna zai yi, ki sa shi a busasshen kasko kan wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa har ya bushe ba tare da ya canja kala ba.

In ya bushe ki goga shi a abin goga kuɓewa ko ki ɗan daddaka a turmi, amma kar ki mayar dashi gari luƙui kamar na tuwo, ɓarɓashin ne ke bada rumus ɗin. Abu ɗaya da ya kamata ki sani, burodinmu yawanci yana da suga, suga kuma yana sa abu saurin yin ja a mai, dan haka ki yanke ɓawon bayan kafin ki shanya kuma ki nemi marar zaƙi sosai. In babu burodin, konfilas da aka murmushe a leda yana yi, biskit marar suga yana yi, farin garin kwaki ma na gwada an ci an yaba, sai dai shi ya fi tauri a haƙori kuma yana son ki tankaɗe manyan tsakin.

Me yasa sai an bi fulawa, ƙwai, sannan burodi? Ba zan iya tsallake ɗaya ba?

Kowanne da aikinsa. Ƙwai baya kama jiƙaƙƙen nama, zamewa yake, fulawa ce ke shanye damshin ta bashi wurin kamawa, shi kuma ƙwan ya riƙe garin burodin. Ki jera kwano uku, hannu ɗaya na busassun kaya ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunki zasu yi dunƙule-dunƙule kafin ki gama fale uku. Ƙwai biyu da cokalin ruwa ɗaya sun isa fale huɗu zuwa shida.

In ƙwai ne babu, ko akwai wanda baya ci a gidan, ki dama fulawa da ruwa ko da kindirmo yayi kaurin ƙullun masa ki tsoma a ciki a madadinsa.

Tawa rigar saɓulewa take a cikin mai, ina kuskuren?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma nima ta same ni. Farkon da na yi wa baƙin maigida, sauri nake magariba ta kawo kai, na tsamo naman daga kindirmo yana ɗiga na tura shi cikin fulawa haka nan, ina sawa a kasko na ga rigar tana tashi kamar ɓawon albasa, naman tsirara a gefe man duk ya cika da baƙin gari. Raina ya ɓaci sosai ranar, sai daga baya na zauna na gano inda na karkace.

Na farko ki share naman da tsaftataccen ƙyalle ko tishu ya zama ba ruwa a jikinsa. Na biyu ki karkaɗe fulawar sosai, shafa kawai ake so, in tayi yawa ita ce ke zama danƙo tsakanin nama da riga. Ki bari ƙwan ya ɗige, sannan a cikin garin burodi ki danna da tafin hannu gaba da baya har gefe-gefe. Sai abinda mutane suka fi tsallakewa, ki jera su a tire su huta minti goma zuwa sha biyar kafin suya, a nan rigar ke kama jiki. A cikin kasko kuma ki bar ta ta zauna, juyi ɗaya ya isa, ba a ta caccaka da cokali mai yatsu ana ɗagawa ana leƙe. In duk kin kiyaye waɗannan kuma tana saɓulewa, toh man ne bai yi zafi ba, sai ki karanta amsar da ke biye.

Wane mai ya fi, kuma yaya zan gane yayi zafi daidai?

Man gyaɗa ko man girki na galan, duk suna jure zafi. Manja zai rufe ɗanɗanon ya rina rigar, bota kuma ƙonewa take tun kafin naman ya nuna. In man gyaɗa na gida ne irin na masu ƙuli, ki fara soya yankin albasa a ciki ta yi ja ki tsame, gafin zai fita, kuma ki yi amfani da kasko mai zurfi saboda shi yana tada kumfa da ya haɗu da ƙwai. Ba sai man ya nutsar da naman ba, ya kai rabin kaurinsa ya wadatar.

Zafin da ake nema digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin salshiyos. Tunda yawancinmu bamu da abin awo, ki jefa ɗan ɓarɓashin burodi, in ya nutse yayi shiru mai bai yi ba, in ya fara cuwww nan take yana yawo a sama da ƙananan kumfa yayi, in kuma yayi baƙi cikin ƙiftawar ido ko kika ga hayaƙi na tashi toh ki sauke kaskon ya sha iska. Kar ki cika kaskon, fale biyu a lokaci guda, saboda kowane sanyin nama da kika sa yana saukar da zafin man, mai marar zafi kuma shigewa riga yake.

Masu gas da risho abin da sauƙi, matsakaiciyar wuta. Masu kurfoti ku bari gawayin ya ruru ya kwanta ya fara farin toka, kar a ɗora kan harshen wuta, kuma tsakanin kowace suya a kwashe ɓarɓashin da ya zube da mataci dan shine ke ƙonewa ya ɓata na gaba.

Yaya zan tabbata cikin ya nuna tunda ba a tafasa ba?

In kin bubbuge ta yadda na faɗa a tambayar yanka, minti uku zuwa huɗu kowane gefe ya isa. Masu ma'aunin nama digiri 74 suke nema a tsakiyar tsokar. Mu kuma ki ɗauki wadda ta fi kauri cikin na farko ki yanka ta tsakiya, ki ga fari tas har ciki ba ja ba sheƙin ɗanye, ruwan da ya fito kuma garau. Kar ki yi wasa da wannan musamman in yara ko mai ciki ko tsofaffi zasu ci, ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela masu kawo zazzaɓi da gudawa, zafin wuta ne kaɗai ke kashe su.

In waje yayi ja ciki da saura, kar ki mayar cikin mai mai zafi, ki sa a busasshen kasko kan wuta kaɗan ta ƙarasa, na gaba kuma ki rage wuta ko ki ƙara bubbugawa.

Da na tsame tana rumus, kafin a ci ta yi laƙwas, me zan yi?

Tururi ne. In kika tsame kika jibga su kan juna, ko kika zuba a kula kika rufe yadda muka saba da sauran abinci, tururin naman ba inda zai je sai cikin rigar. Ki jingina su a tsaye cikin gwagwar ƙarfe ko kan wayar gashi iska na ratsawa ta ƙasa, kuma banda jarida, tawadarta tana bin mai ta hau abinci. Wannan abinci ne na daga kasko sai faranti, in baƙi zaki yi wa ki gama komai ki sa rigar ki ajiye a firij, sai kinji sallamarsu ki ɗora mai.

Wane salak ne ya fi tafiya da ita?

Abu ne soyayye mai maiƙo, in kika haɗa shi da salak ɗin biki wanda aka tula wa bama da waken gwangwani da dafaffen ƙwai da taliya, loma huɗu mutum zai ji ya gundure shi. Shi yasa ni nake ajiye kala biyu kaɗan-kaɗan, ɗaya mai bama ɗaya mai tsami, kuma in ɗaya kawai zan yi mai tsamin nake zaɓa. Mai tsamin ba wuya: tumatir mai tauri, kokwamba ko gurji, albasa yankan zobe, koren tattasai, a matsa lemon tsami, cokalin man gyaɗa ɗaya, gishiri da masoro. Mai bamar kuma kabeji ne rubu'i yankan siriri kamar gashi, karas biyu a goga, bama cokali uku, lemon tsami rabi, suga ɗan tsunkule. In kika raba bamar biyu kika cike rabin da kindirmo ko yogot marar suga ya fi sauƙi a ciki kuma kuɗin ya ragu.

Amma fa wanda mutanen gidana suka fi wawaso shine namu na gargajiya, kwaɗon salak. Latas, tumatir, albasa, dakakken ƙuli, ɗan yaji da magi, man gyaɗa da lemon tsami, a cakuɗa da hannu sama-sama. Kwaɗon zogale ma yana tafiya da ita ƙwarai, ɗan ɗacin zogalen yana wanke maiƙon daga baki, na rama kuma ga tsaminsa na kansa. Ban ga abinda salak ɗin otal ya fi su dashi ba.

In ana son abu mai riƙe ciki sai haɗin dankalin Turawa. Mu nan Allah ya hutar damu, daga Filato yake sauko mana ta hanyar Jos tare da kabeji da karas, da safe in kika shiga kasuwar Muda Lawal zaki same su da raɓarsu. Ki dafa shi da ɓawonsa kada ya farfashe, ki ɓare ki yanka, tun da ɗuminsa ki zuba lemon tsami da gishiri da ɗan mai ya shanye, bama kuwa sai ya huce sarai, sannan lawashi a sama.

Haɗin kabejina tsatsafo da ruwa yake, ya zama tsululu a ƙasan kwano

Gishiri da suga suna janyo ruwa daga jikin ganye, toh gara ki bari su janyo tun kafin ki haɗa. Bayan kin yanka kabejin ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya ki cakuɗa ki bar shi a gwagwa minti ashirin, ki ɗauraye ki matse da hannu ko cikin ƙyalle, sannan bama ta shiga. Kokwamba ki kwashe ƴaƴan tsakiyar da cokali, tumatir ma haka. Latas kuwa ba a sa masa komai sai an zauna ci, minti goma a cikin lemon tsami ya yi yaushi. Albasa in tana da yaji ki jiƙa ta a ruwan sanyi kaɗan.

Batun tsafta, tunda ga ɗanyar kaza ga ɗanyen ganye a kicin ɗaya?

Nan nake so ki fi maida hankali, saboda kazar zata shiga wuta amma salak ba zai shiga ba. Ki fara gama salak ki rufe ki kawar, sannan ki fito da kaza. In katako ɗaya da wuƙa ɗaya gareki, bayan nama a wanke su da sabulu da ruwan zafi, hannu ma haka, kuma farantin da ɗanyen nama ya zauna kar soyayye ya koma kansa. Kazar kasuwa muna wanke ta saboda gashi da jini, amma ki wanke a roba a hankali ba ƙarƙashin famfo tana fallatsi ba, ki zubar da ruwan nesa da kwanuka. Ragowar fulawa da garin burodin da nama ya taɓa ba a mayarwa cikin gwangwani, shi yasa ake ɗiba kaɗan-kaɗan.

Ganye kuma a ware shi ɗaya-ɗaya a wanke da ruwan da zaki iya sha, sau biyu ko uku har ƙasa ta daina kwanciya a gindin roba, kabeji a cire ganyen waje, karas a kankare. Gishiri ko binega a ruwan wankin suna taimakawa amma basa maye gurbin wankin kansa. Da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo, ni nafi karkata ga zogale da rama da dankali tunda su dafawa ake.

In ta ragu fa, ga rashin wuta?

Dafaffen abinci baya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya ne, kin san kuwa yadda Bauchi take a watan Maris da Afrilu. A firij mai sanyi sosai soyayyar tana kai kwana uku zuwa huɗu, amma in wutar unguwarku ta je-ka-dawo ce ki yi daidai cin rana ɗaya kawai. Haɗin da bama ta shiga shima in ya wuce awannin da na faɗa a waje a zubar, kar a ji ƙyashi. Wajen ɗumame ki sa a busasshen kasko kan wuta kaɗan ki juya har cikin yayi zafi, rumus ɗin zai dawo, banda turarawa. Man da ya rage in ya huce ki tace da ƙyalle ki yi miya dashi cikin kwana biyu, in yayi baƙi ko yana warin ƙauri ya gama aiki.

Masu firiza mai tsayayyar wuta ko sola zaku iya sa rigar ku jera da leda tsakani ku daskarar, da azumi wannan yana ceto sosai, ana saura rabin awa a sha ruwa sai a ciro a soya kai tsaye kan wuta matsakaiciya, a ƙara mata minti biyu kowane gefe kuma a yanka a duba ciki kamar yadda na faɗa a sama.

Likita ya hana maigida yawan mai, akwai yadda za a yi masa?

Akwai. Ki fara gasa garin burodin a kasko da cokalin mai ɗaya har yayi ruwan zuma, saboda a oben shi kaɗai baya yin ja sosai. Ki sa rigar kamar kullum, ki jera a tire da aka shafa wa mai, oben a digiri 200, minti sha biyar zuwa ashirin, a juya sau ɗaya a tsakiya. In hawan jini ne ki rage magi da gishiri ki ƙara tafarnuwa da citta da lemon tsami, a gefe kuma ki bashi mai tsamin nan na tumatir da gurji ko kwaɗon zogale da ƙuli kaɗan, bamar a bar wa yara.